Amsar Tambaya: Idan Faɗa Ya Kaure a Gidan Rawa

Mai tambaya yana son sanin abin da ya wajaba kan gidan rawa idan faɗa ya kaure. A Ingila, wata doka ta shekarar 2001 ta hana aikin tsaron ƙofa sai da lasisin SIA, wato hukumar da ke sa ido kan masu gadi, kuma ana horar da su kan sasanta rikici da baki kafin a kai ga ƙarfi. Da zarar an zare makami, sai a kashe kiɗa, a kunna fitilu, a buɗe ƙofofin gaggawa, a kira 'yan sanda, a tsayar da jinin wanda aka raunata. Babban kuskure shi ne korar ɓangarorin biyu waje lokaci guda, domin a bakin titi rikicin kan ƙazanta.