Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gano Tushen Wari da Sauyin Ɗanɗano a Ruwan Zafi na Gida

Ruwan zafin da ke fitowa a banɗaki yakan ratsa zango huɗu kafin ya iso hannun mai wanka. Na farko shi ne inda aka samo shi: famfon gwamnati, rijiyar burtsatse, rijiyar gida ko jarkar ɗan ga-ruwa. Na biyu tankin da ke saman gida, na uku hita, na huɗu kuma bututu da kan famfo. A Gusau ruwan famfo ya dogara sosai da madatsar da ke kan Gulbin Sakkwato, yayin da gidaje da dama a Tsafe da Bungudu ke shan ruwan burtsatse da aka haƙa cikin ƙasa mai duwatsu. Kowane zango yana da irin warin da yake haifarwa, kuma zafi yana tono abin da sanyi ya ɓoye, domin iskar da ta narke cikin ruwa tana fita da sauri idan ruwan ya ɗumama.

Masu aikin famfo sun fi samun kira kan warin ruwan zafi a farkon hunturu. Hitar da aka kashe tun bazara ta kwashe watanni da ruwa kwance a cikinta, sai a kunna ta a Disamba, wari ya cika banɗaki. Sau da yawa maigida yakan yanke hukuncin cewa hita ta mutu, ya sayi sabuwa, bayan makonni warin ya dawo, saboda ba a nemi tushensa ba.

Gwajin kofi biyu

Binciken yana farawa da kofunan gilashi biyu masu tsabta. A tari ruwan sanyi a ɗaya, ruwan zafi a ɗaya, a fita da su tsakar gida, a ɗan girgiza, a shinshina. Idan babu wari a duka biyun alhali banɗaki yana ɗoyi, ruwan ba shi da laifi: warin daga magudana yake tasowa. Akwai lanƙwasar bututu a ƙarƙashin magudana da ke riƙe ɗan ruwa don tare iskar ramin sokawe, kuma iskar hunturu tana busar da shi a banɗakin da ba a cika shiga ba. Zuba bokitin ruwa guda a magudanar ya isa ya toshe hanyar iskar.

Idan kofin zafi kaɗai ke wari, hita ce. Idan duka biyun ne, a koma tanki da mafarin ruwan. Idan famfo ɗaya ne kawai a duk gidan, bututunsa ko kansa ne. Idan warin yana zuwa da asuba ya wuce bayan an bar ruwa ya zuba na 'yan mintuna, kwanan ruwa cikin bututu ne sanadi. A ƙarshe a tambayi maƙwabta: idan su ma suna ji, matsalar ta wuce gida ɗaya, sai a kai rahoto ga hukumar ruwa ko masu kula da burtsatsen unguwa.

Warin ƙwai bara-gurbi

Wannan shi ne warin da ya fi yawa a hita. Iska ce mai suna haidirojin salfaid. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko salfet, wani gishiri na farar wuta, kuma akwai ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa inda babu iskar shaƙa, suna juya wannan gishiri zuwa iska mai ɗoyi. Cikin tukunyar hita akwai wata sanda ta magniziyam, masu aikin suna kiran ta anod, wadda aka sa don tsatsa ta cinye ta a maimakon jikin tukunyar. Yayin da take narkewa tana fitar da haidirojin, abin da waɗannan ƙwayoyi ke buƙata. Ruwa mai ɗumi-ɗumi yana ƙara musu ƙarfi, kuma haka ruwan hita yake zama a inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa kafin ya yi zafi sosai.

Gyaran yana da tsari. A kashe wuta daga babban makunni, a tsiyaye tukunyar, a wanke laka da ɓarɓashin da suka taru a gindi. A cika ta da ruwan da aka sa wa bilic marar turare, a bar shi ya jima, a zubar, a ɗauraye har ƙanshin kulorin ya tafi. Ba a haɗa bilic da maganin wanke masai ko wani sinadari mai asid, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Ba a kuma mayar da wuta sai tukunyar ta cika, in ba haka ba ƙarfen ɗumamawar zai ƙone. Idan warin ya dawo, a canza sandar da ta alminiyam mai haɗin zinki. Cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don sauƙi, yakan kawar da wari amma yana bar wa tsatsa tukunyar ta huda ta.

Hitar da ta yi mako biyu ko fiye ba a taɓa ta ba tana iya tara haidirojin, wanda ke kama wuta. A fara buɗe famfon zafi na wasu mintuna, ba tare da ashana ko sigari a kusa ba.

Sauran wari da abin da suke nufi

Warin laka ko na gansakuka yana nuna tanki. Tankin roba da murfinsa ya fashe, ko wanda haske ke ratsawa, yana tsirar da gansakuka. Ruwan gulbi ma yakan zo da warin ƙasa da damina. Bashi irin na mushe kuwa yana nufin ƙadangare, ɓera ko tsuntsu ya faɗa ciki. Sai a zubar da ruwan duka, a goge tankin, a sa kulorin, a sa raga a bakin bututun ambaliya.

Warin roba ko na gam yana biyo bayan sabon aiki. Farin bututun PVC na ruwan sanyi ne. Idan aka bi da ruwan zafi ta cikinsa yana laushi, yana ba ruwa wari, daga baya ya saki a mahaɗa. Layin zafi yana buƙatar bututun PPR ko wani da aka yi domin zafi. Ƙauri kuwa ba daga ruwa yake ba: waya ce ko soket ko ma'aunin zafi ke ƙonewa. A kashe wuta nan take, kada kowa ya yi wanka sai mai gyaran lantarki ya duba.

Warin fetur ko gas yana zuwa ne daga jarkar da aka taɓa zuba mai a ciki, ko janareta da aka girke a bakin rijiya yana ɗigar da mai. Tafasawa ba ta gyara irin wannan ruwa. Zarni ko warin bayan gida a cikin ruwan kansa shi ne mafi haɗari, don yana nuna masai ko sokawe na tsiyaya cikin rijiya. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Littattafan fiƙihu irin su Ishmawi da Risala sun riga sun koyar da duba launi da ɗanɗano da ƙanshin ruwa, tare da bambanta sauyin da ƙasar da ruwan ke kwance ta kawo da wanda najasa ta kawo. Wannan bambanci yana da amfani ga alwala da lafiya baki ɗaya.

Ɗanɗano

Ƙarni da ɗanɗanon tsatsa, tare da jan tabo a tayil da fararen kaya, alamar sinadarin ƙarfe ne. Mizanin ruwan sha na Najeriya ya iyakance shi a miligiram 0.3 cikin lita. Idan a ruwan zafi kaɗai ake ji, tukunyar hita ce ke ruɓewa ko tsohon bututun ƙarfe; idan har da na sanyi, daga burtsatsen ne, kuma barin ruwa ya sha iska ya kwanta kafin a tace shi yana rage shi. Zartsi ko galmi, da farin ɓawo a jikin butar shayi da ƙarfen hitar bokiti, na nuna gishirin ƙasa ya yi yawa. Bauri yakan biyo bayan alif da aka cika wa ruwa. Ɗan ƙanshin kulorin a ruwan famfo kuwa alheri ne, shaida ce cewa an kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da hanci ba ya ji

Rashin wari ba shaidar lafiya ba ne. Dalma ba ta da wari ko ɗanɗano a ruwa. Zamfara ta san sharrinta tun 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A cikin gida takan fito daga tsofaffin kawunan famfo na tagulla da lanƙin dalma, kuma ruwan zafi ya fi na sanyi narkar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a miligiram 0.01 cikin lita. Saboda haka ba a sha daga famfon zafi, ba a dama kunu ko haɗa madarar jariri da shi. A ɗebi na sanyi a tafasa.

Haka ƙwayar lejiyonela, wadda aka gano bayan annobar ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta hanyar shaƙar feshin shawa take shiga jiki. Ajiye hita a digiri 60 yana hana ta, sai dai wannan zafin yana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, don haka a riƙa surkawa kafin a yi wa yaro ko tsoho wanka.

Kulawa

A wanke tankin sama sau biyu a shekara, ƙarshen damina da ƙarshen rani, a rufe shi ruf. A tsiyaye hita sau ɗaya a shekara kafin hunturu, a duba sandar anod, a canza ta idan ta cinye. Kada a toshe ƙaramin bawul ɗin da ke ɗigar da ruwa a gefen hita, domin shi ke sauke matsi ya hana tukunyar fashewa. Sabon burtsatse, da duk ruwan da warinsa ya ƙi tafiya bayan an bi waɗannan matakai, a kai samfurinsa ɗakin gwaje-gwaje cikin kwalba mai tsabta. Idan kuma mutanen gida suka fara gudawa ko amai, a daina amfani da ruwan, a garzaya asibiti kafin a koma kan gyaran famfo.