Tsohuwar Durowar Katako: Asalinta da Alamomin Aikin Hannu

Gabatarwa

Abin da ake nufi da durowa a wannan maƙala shi ne akwatin katako na tsaye mai aljihuna huɗu ko biyar a jere, wani bisa wani, waɗanda ake jawowa a zuba tufafi. Za a dubi asalinta a Turai, sa'an nan a nuna cewa shekarunta da darajarta ba a fuskarta ake karanta su ba, sai a sassan da ido bai cika kaiwa ba.

Asali

Kafin durowa, adaka ce ma'ajiyar tufafi. Aibin adaka kuwa shi ne, mai neman rigar da ke ƙasa sai ya kwashe duk na bisa. Don haka kafintocin Ingila suka soma yi mata aljihu a gindi, suka riƙa ƙarawa, har wajen 1680 aljihuna suka cinye jikinta, murfi ya zama kafaffen rufi.

Salo da Irin Itace

Da fari icen ok aka yi amfani da shi, mai nauyi da kaushi. Bayan 1660 aka koma ga walnat, wanda ake yankawa falle-falle a manna bisa katako mai araha don zanensa ya fito. Sanyin 1709 ya kashe itatuwan walnat da yawa a Turai, Faransa ta hana fitar da shi a 1720. A 1721 Ingila ta soke harajin katakon da ake kawowa daga yankunan mulkinta na Amurka, sai mahogani na Jamaika ya cika kasuwa. Bayi 'yan Afirka ne suka sare shi, suka jawo shi bakin teku. Maɗacin ƙasar Hausa danginsa ne. Ƙarfin mahogani ya ba masassaƙa damar yin ado mai laushi, irin wanda Thomas Chippendale ya zana a littafinsa na 1754.

Faransawa kuwa ƙawa suka fi ba ƙarfi. Tasu gajera ce mai faɗi, sau da yawa da turarren ciki, an ɗora mata dutsen marmara, an yi mata ado da tagulla mai ruwan zinariya. A 1708 André-Charles Boulle ya ƙera wa Sarki Luwi na 14 guda biyu. Daga tsakiyar ƙarni na 18 aka wajabta wa kafintocin Faris buga hatimin sunansu a jikin aikinsu, har zuwa 1791 da aka rushe ƙungiyoyin sana'a.

Alamomin Aikin Hannu

Fuska dai ana iya kwaikwayonta, ciki ne ke da wuya. Alama ta farko ita ce mahaɗin kusurwar aljihu, wanda Turawa ke kira wutsiyar kurciya saboda siffarsa. Haƙora ne masu faɗin baki da ake cusawa cikin juna, ta yadda duk jan da aka yi wa aljihun sai su ƙara cijewa. Na hannu ba su zuwa daidai da juna, kuma akan ga siririn layin da kafinta ya ja kafin ya sa zarto. Na inji, da suka yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19, kansu ɗaya kamar haƙoran mataji.

Ta biyu ita ce gindin aljihu. Katako yakan tsuke ta faɗinsa in ya bushe, amma da ƙyar yake raguwa ta tsawonsa. Kafintocin farko sun kafe gindin da ƙusa, sai ya riƙa tsagewa. Na baya suka zura shi cikin tsagi domin ya sami wurin motsi. Har ila yau, a Ingila jijiyar katakon gindin takan tafi daga gaba zuwa baya a tsofaffin ayyuka, amma daga wajen tsakiyar ƙarni na 18 aka juya ta daga gefe zuwa gefe.

Ta uku ita ce bayan durowa, wanda ba a gogewa tun da bango yake kallo. Zarton hannu yana barin sawu miƙaƙƙe mara tsari, zarton inji mai juyawa kuwa lanƙwasasshe. Haka kuma fallen da aka yanka da hannu ya fi na inji kauri nesa. In an ga toshasshen rami kusa da mariƙin tagulla, to, an sauya mariƙin asali.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa gwanintar waɗannan kafintoci tana cikin sanin halin itace, watau su bar masa hanyar tsukewa da kumbura ba tare da aikin ya wargaje ba. Mai saye da ya tsaya ga ƙyalƙyalin fuska yana iya biyan kuɗin tsohuwa ya ɗauki sabuwa. Mai gyara kuma da ya kankare duhun da shekaru suka sa wa katako, ya shafa sabon fenti, ya share shaidar da ba ta sake dawowa, ya kuma karya darajar kayan da hannunsa.