Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Kafa Na'urar UPS Da Kula Da Ita

Duk ɗan kasuwar da ke riƙe lissafinsa a na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ya san irin ɓacin ran da ke biyo bayan ɗaukewar wuta ana tsakar aiki. Takardar kuɗin da ake shiryawa takan ɓace, lissafin kaya ya tsaya a rabi, wani lokaci ma ma'ajiyar bayanan na'urar ta lalace baki ɗaya. An sauya wa hukumar NEPA suna zuwa PHCN a shekarar 2005, aka kuma raba aikin rarraba wuta tsakanin kamfanoni 11 waɗanda aka fara miƙa wa 'yan kasuwa a 2013, amma ɗaukewar wuta ba ta gushe ba. A shekarar 2024 babban layin wutar ƙasa ya durƙushe sau da dama, kuma a watan Oktoba na wannan shekara yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Saboda haka ne ofisoshi da shagunan buga takardu da ɗakunan shan magani suke sayen na'urar ajiyar wuta da aka fi sani da UPS. To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, wannan na'ura ba janareta ba ce. Aikinta shi ne ta riƙe wuta na 'yan mintoci, gwargwadon yadda za a adana aiki a kashe kwamfuta cikin tsanaki, ko kuma a tayar da janareta. Yawancin koke-koken da ake yi a kanta suna tasowa ne daga abubuwa biyu: ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, da kuma sakaci da batirinta.

Yadda take aiki da ire-irenta

A cikin akwatin akwai batir, da abin yi masa caji, da kuma inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma irin wutar soket, mai ƙarfin bolt 230 da ake amfani da ita a Nijeriya. Bolt shi ne ma'aunin da ake rubutawa da harafin V a jikin kayan wuta.

Iri uku ake samu a kasuwa. Na farko shi ne mai zaman ko-ta-kwana, wanda ke barin wutar gari ta wuce kai tsaye, sai ta ɗauke sannan ya juya zuwa batir cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi ne mafi arha. Na biyu yana ɗauke da abin daidaita ƙarfin wuta, ana kuma rubuta AVR a jikin kwalinsa. Idan wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama yakan daidaita ta ba tare da ya taɓa batir ba, shi ya sa ya fi dacewa da unguwannin da wutarsu ke yawan yin rauni. Na uku, wanda masu sayarwa ke kira onlayin, yana tace wutar a kowane lokaci ta hanyar inbata, don haka babu wani tsaiko idan an ɗauke wuta. Ya fi tsada, kuma bankuna da asibitoci da manyan ofisoshi ne suka fi amfani da shi.

Lissafi kafin saye

A nan ne da yawa suke yin kuskure. Lambar da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali, alal misali 650VA, ba ita ce ainihin nauyin da na'urar za ta ɗauka ba. Ainihin nauyin ana auna shi ne da wat, mai alamar W, kuma a ƙananan na'urori yakan kasance kusan kashi 60 cikin 100 na lambar VA. Wato mai 650VA tana ɗaukar wat 360 zuwa 390, mai 1000VA kuwa kimanin wat 600. A duba bayan na'urar ko littafinta, za a ga lambobin duka biyu.

A ɗauka shago yana da kwamfutar tebur mai cin wat 150, da allonta mai wat 30, da na'urar rarraba intanet mai wat 10. Jimla wat 190 ke nan. Sai a ƙara rubu'in wannan adadi domin a bar sarari, ya zama kusan wat 240. Mai 650VA ta wadatar. Amma da zarar an ƙara kwamfuta ta biyu da allonta, jimlar ta kai wat 370, ta cika bakin abin da na'urar ke iyawa, sai a nemi mai 1000VA.

Game da tsawon lokaci kuwa, yawancin ƙananan na'urori suna da batir guda mai bolt 12, wanda aka rubuta 7Ah ko 9Ah a jikinsa. Idan aka ninka 12 sau 7 za a sami 84, wanda a takarda ke nufin zai riƙe kayan wat 190 na kusan minti 26. A aikace ba ya kaiwa haka, domin batir yana saurin ƙarewa idan aka ja shi da ƙarfi, kuma inbata tana cin nata rabon. Abin da za a sa rai shi ne minti 5 zuwa 10. Na'urar intanet ita kaɗai kuwa tana iya wuce awa guda. Wanda ke bukatar wutar awoyi, inbata babba da manyan batura ko hasken rana ya kamata ya nema.

Matakan kafawa

Da farko a karanta littafin da ya zo da ita, domin wasu kamfanoni sukan cire wayar batir guda kafin su aiko da kaya, kuma sai an mayar da ita na'urar za ta kama. Daga nan a jona ta da wuta ba tare da an ɗora mata komai ba, a bar ta ta yi caji na kimanin awa 8, ko yadda littafin ya faɗa.

Na biyu, a zaɓi wuri mai iska da inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa saboda ruwa da ƙura, a bar tazarar akalla taƙi guda tsakaninta da bango. Kada a ɗora mata takardu ko a rufe ta da ƙyalle.

Na uku, a jona ta kai tsaye da soket na bango wanda ke da wayar ƙasa mai aiki. Idan ginin ba shi da wannan waya, kariyar da na'urar ke bayarwa daga wutar da ta zo da ƙarfi tana raguwa ƙwarai, saboda haka a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba.

Na huɗu, a lura da ramukan da ke bayanta. A wasu na'urorin kashi biyu ne: waɗanda ke samun wutar batir, da waɗanda ke kare kaya kawai daga wuta mai ƙarfi. Kwamfuta da allo da na'urar intanet su ne ke shiga kashin farko.

Akwai kayan da ba a jona su da ƙaramar UPS ko kaɗan: injin ɗab'i mai aiki da leza, da injin kwafin takardu, da firji, da dutsen guga, da butar dafa ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki. Injin leza, alal misali, yakan ja wat ɗaruruwa a lokaci guda sa'ad da yake ɗumama kansa, abin da ya isa ya kashe na'urar tare da kwamfutar da take karewa.

Na biyar, idan ta zo da wayar USB da manhaja, a haɗa su da kwamfuta. Wannan yana sa kwamfutar ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa alhali babu kowa a wurin. Daga ƙarshe a yi gwaji: a adana duk aikin da ke buɗe, a kashe makunnin soket, a duba agogo a ga minti nawa za ta riƙe, a rubuta adadin tare da kwanan wata a manna a jikinta.

Kula da batir

Batirin waɗannan na'urori na dalma ne da ruwan asid, a rufe yake ba a ƙara masa ruwa. Masu ƙera shi suna ƙiyasta masa shekara 3 zuwa 5 idan zafin ɗaki yana wajen digiri 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansa. A garuruwa irin su Sakkwato da Kano da Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, batirin da ke cikin shago mai rufin kwano ba zai kai shekarun da aka rubuta ba. Ya kamata ɗan kasuwa ya sa kuɗin sabon batir cikin kasafinsa tun da wuri.

Abu na biyu da ke kashe batir shi ne tatse shi har ƙarshe a kai a kai, da barinsa babu caji. Da zarar an ɗauke wuta a adana aiki, a kashe kwamfuta, a kashe UPS ɗin ma idan ba janareta za a tayar ba. Idan za a ajiye ta na dogon lokaci, a cika ta da caji, a riƙa sake yi mata duk bayan wata uku. A lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙurar da ke toshe kafofin shan iskarta.

Gano matsala da maganinta

Idan ta ƙi kamawa sam, a gwada soket ɗin da wani abu dabam, a duba fis ɗin da ke cikin filogi, sannan a duba bayanta ko akwai ɗan maɓallin kariya da ya fito, a danna shi ya koma.

Idan tana ƙara jefi-jefi, tana sanarwa ne cewa a kan batir take. Idan ƙarar ta yi sauri, batir ya kusa ƙarewa. Ƙara mai tsawo marar yankewa kuwa galibi alama ce ta kaya sun yi yawa ko kuma ta sami matsala a ciki, sai a cire kayan ɗaya bayan ɗaya a gani. Ma'anar ƙararrakin takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, littafin na'urar shi ne alƙali.

Idan tana mutuwa nan take da an ɗauke wuta, ko kuma mintocinta sun ragu zuwa rabin abin da aka rubuta ranar gwajin farko, batir ne ya gaji. Mai gyara zai auna shi: lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna bolt 12.6 zuwa 13, wanda kuwa ya kasa kaiwa 12 bayan ya kwana a caji, kwanansa ya ƙare. A sayi mai lambobi iri ɗaya da tsohon, a duba ranar da aka ƙera shi, domin batirin da ya daɗe a kanti ya riga ya fara lalacewa. Idan batura biyu ne a ciki, tare ake sauya su.

Idan batir sabo ne, kaya ba su yi yawa ba, amma kwamfuta tana mutuwa a daidai lokacin juyawa, mai yiwuwa wutar da inbatar ke fitarwa ba ta dace da ita ba. Wasu kwamfutocin zamani suna bukatar tatacciyar wuta irin ta gari, wadda ƙananan na'urori masu arha ba sa bayarwa. A tambayi mai sayarwa wannan kafin a biya kuɗi.

Idan kuwa tana ta ƙas-ƙas tana komawa batir sa'ad da janareta ke aiki, wutar janaretan ce ke hawa da sauka. A gyara saurin injin, a rage masa kaya, ko a sassauta ma'aunin karɓar wuta idan na'urar tana da wannan zaɓi.

Gargaɗi

Idan batir ya kumbura, ko aka ji warin ƙuna ko wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, a kashe ta nan da nan a zare ta daga bango. Kada wanda ba sana'arsa ba ce ya buɗe cikinta, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare filogi. Haka nan dabarar da wasu ke yi ta jona batirin mota da ƙaramar UPS tana da haɗari, saboda ba a ƙera ta don aikin awoyi ba, takan yi zafi har ta kama da wuta.

Tsohon batir kuma kada a jefar da shi a juji ko a bar yara su fasa shi. Dalma guba ce, kamar yadda aka gani a Jihar Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta hallaka yara kimanin 400. A mayar da shi wurin masu sayar da batir, waɗanda sukan karɓi tsoho su rage kuɗin sabo.

Ana shawartar kowane mai shago ya sa rana guda a kowane wata uku don maimaita gwajin kashe soket, ya kwatanta mintocin da ya samu da na ranar farko, ya kuma koya wa yaran shagonsa abin da za su yi da zarar sun ji ƙarar farko.