Shawara ga Mai Rubuta wa Yara Labarin Basasar Kano

Malami ko marubucin da ke son shirya wa yaran Kura da Bunkure ƙagaggen labarin tarihi, wato labarin da taurarinsa na ƙirƙira ne amma zamaninsa na gaskiya, Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta ishe shi. Yaƙin cikin gida ne da ya ɓarke bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi kuma ya fita Takai da magoya bayansa, alhali Tukur da Yusufu duka jikokin Ibrahim Dabo ne.

Ya dace labarin ya fito ta idon yaron da mahaifinsa ya bi Tukurawa, kawunsa ya bi Yusufawa, kuma a bai wa kowanne hujjarsa, domin ɗaya yana ganin biyayya ga Sakkwato wajibi ce, ɗayan yana ganin an danne hakki. Mayar da ɓangare guda mugu zalla zalunci ne ga tarihi da ga mai karatu. A kiyaye zamani ƙwarai, tunda magudanan ruwan da yaran suka saba gani sun zo ne bayan gina madatsar Tiga a shekarun 1970, manomin zamanin Basasa kuwa da jigo yake ban ruwa a fadama. Gidan da za a nuna ya rabu ya zama na ƙirƙira, domin zuriyar ɓangarorin biyu tana raye, tana zama a aji ɗaya.