Noman Kayan Lambu a Cikin Mazubai

1.0 Gabatarwa

Lambu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan injin ban ruwa, masu lambu kan yi fangali a fadama ko a bakin rafi, su kafa jigo, su riƙa ɗebo ruwa suna shayar da albasa da alayyafo da sauran kayan miya a lokacin rani. Sai dai wannan sana'a tana buƙatar fili da ruwa mai yawa, waɗanda suka yi wa mazauna birane irin su Kano da Zariya da Sakkwato wuya a yau. Gidaje sun matse, an dafe tsakar gida da siminti, makarantu da dama kuma ba su da filin da za a kafa ko kunya ɗaya. Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda ake noman kayan lambu a cikin bokiti da baho da sauran mazubai masu arha, da kuma yadda malamin Hausa zai yi amfani da wannan aiki wajen koyarwa.

2.0 Ma'ana da Muhimmanci

Noman mazubi shi ne shuka tsiro a cikin wani abu da aka cika da ƙasa, maimakon a shuka shi kai tsaye a gona. Tunanin kowane gida ya noma abin miyarsa ya daɗe a Nijeriya. Shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a 1976 ya ƙarfafa wa gidaje da makarantu gwiwar yin ƙananan lambuna. Haka kuma, a 2016, lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabo, har ya gagari magidanta da yawa. Irin wannan yanayi kan nuna amfanin 'yan bokitai a tsakar gida.

Amfanin wannan noma ya haɗa da rage kuɗin cefane, da samar wa yara ɗanyen ganye mai gina jiki, da ba matan aure da tsofaffi abin yi ba tare da sun fita daga gida ba. Bugu da ƙari, ɗan haya yana iya ɗaukar lambunsa ya tashi da shi ranar da ya sauya gida.

3.0 Zaɓen Mazubi

Kusan duk abin da zai riƙe ƙasa, ya kuma bar ruwa ya tsiyaye, yana iya zama mazubi. Daga ciki akwai fasasshen bokiti, da baho, da daro, da jarkar da aka yanke bakinta, da garwa, da tsagaggen tulu ko tukunyar ƙasa, da buhun shinkafa. Abin lura a nan shi ne zurfi, domin kowane tsiro da tsawon saiwarsa. Alayyafo da latas da lawashi da na'ana'a suna wadatuwa da zurfin santimita 15 zuwa 20, saboda haka baho ya ishe su. Tumatir da tattasai da attarugu da kuɓewa kuwa suna buƙatar zurfin da bai gaza santimita 30 ba, wato kamar bokiti mai cin lita 20, kuma tushe ɗaya ake bari a kowane bokiti.

Wajibi ne a huda gindin mazubi wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Dalili shi ne saiwa tana shaƙar iska kamar yadda take shan ruwa. Idan ruwa ya kwanta a gindi, iska ba za ta isa gare ta ba, sai ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa, tsiro ya mutu. Haka nan ana ɗora mazubin a kan duwatsu ko bulo domin ruwan ya sami hanyar fita.

Akwai mazuban da bai kamata a yi amfani da su ba ko da an wanke su, wato waɗanda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko maganin ciyawa ko baƙin mai a cikinsu, domin roba kan riƙe guba. Baƙin bokiti kuma yakan ɗauki zafi ƙwarai da bazara har ya dafa saiwa, saboda haka ana naɗe shi da tsohon buhu ko tsumma.

4.0 Haɗin Ƙasa

Ƙasar gona ita kaɗai ba ta dace da mazubi ba. Laka takan daskare ta hana ruwa wucewa, jigawa kuma takan zubar da ruwa nan da nan. Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne kashi biyu na ƙasa mai kyau, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da kashi ɗaya na yashi. Takin shanu ko na awaki ko na kaji duk suna yi, muddin sun ruɓe sun huce. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona tsiro. Idan takin juji ne, sai a tankaɗe shi a fitar da leda da kwalba da batir. Ana cika mazubin a bar kamar faɗin yatsu uku daga baki, domin ruwa ya sami wurin tsayawa lokacin ban ruwa.

5.0 Shuka da Dashe

Kayan lambu sun kasu gida biyu ta fuskar shuka. Akwai waɗanda ake shukawa kai tsaye, kamar kuɓewa da yakuwa da karas da alayyafo. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka ana cuɗa shi da yashi kafin a yayyafa, domin kada ya taru wuri ɗaya. Akwai kuma waɗanda ake fara raino a ƙaramin kasko sannan a dasa, kamar tumatir da tattasai da latas. Tumatir kan isa dashe bayan mako 3 zuwa 4. Da yamma ake yin dashe, a ciro tsiron da ƙasar gindinsa, a ba shi ruwa nan take, domin ya kwana cikin sanyi kafin rana ta doke shi.

6.0 Kulawa

Ƙasar mazubi kaɗan ce, don haka ta fi ta gona saurin bushewa. Da bazara ana ban ruwa safe da yamma, da hunturu kuwa sau ɗaya yakan isa. Hanyar ganewa ita ce a tsoma yatsa a ƙasar. Idan da laima, a dakata. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi yana da amfani, amma ruwan wanki mai omo ko ruwan da yake da gishiri yana lalata ƙasa. Tumatir da tattasai suna son rana ta kimanin awa 6 a yini, kayan ganye kuwa suna jure 'yar inuwa. Da yake yawan ban ruwa yana wanke abincin tsiro, ana ƙara tafin hannu ɗaya na taki duk bayan mako biyu ko uku. Tumatir kuma ana kafa masa kara a ɗaure shi don kada ya kwanta.

Manyan abokan gabar lambun gida su ne kaji da awaki da ƙadangaru, sai tsutsa da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye. Ana kare shi da shingen kara ko tsohon gidan sauro. Ga ƙwari kuwa, ana daka ganye ko 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Idan an kula da kyau, alayyafo kan isa yanka cikin mako 4 zuwa 5, kuɓewa kuma ta fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu.

7.0 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Bokitai biyar a bayan aji sun isa su zama kayan koyarwa na zango guda. Da su malami zai koyar da kalmomin sana'ar lambu waɗanda yaran birni suke neman mantawa, irin su fangali da jigo da dashe da yabanya da ban ruwa. Da su ne kuma zai koyar da insha'in bayani, inda ɗalibai za su tsara matakan aiki da kalmomi irin su "da farko", "bayan haka", "daga nan", da "a ƙarshe". Haka nan yana iya sa su rubuta rahoton mako a kan girman tsiro, ko su tattaro karin magana masu alaƙa da noma daga wurin iyayensu. Ya kamata malami ya raba aikin ban ruwa a tsakanin ɗalibai, ya kuma tanadi wanda zai kula da lambun a ƙarshen mako da lokacin hutu, domin kwana biyu ba ruwa da bazara sun isa su kashe aikin wata guda.

8.0 Kammalawa

Darasin ya nuna cewa rashin fili ba ya hana noman kayan miya. Nasarar aikin ta rataya a kan mazubi mai zurfin da ya dace kuma mai huji, da haɗin ƙasa mai kyau, da rana, da ban ruwa a kan kari. Malamin da ya gwada aikin da hannunsa kafin ya tafi koyarwar gwaji zai fi iya bayyana shi ga ɗalibansa.

9.0 Auna Fahimta

1. Mene ne noman mazubi? Kawo amfaninsa guda uku.
2. Me ya sa ake huda gindin mazubi?
3. Bambanta kayan lambun da ake shukawa kai tsaye da waɗanda ake dasawa, tare da misalai.
4. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: fangali, jigo, dashe, yabanya.
5. Tsara shirin darasi na minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan shuka alayyafo a baho.