Samar da Wutar Lantarki Daga Zafin Rana

Gabatarwa

Da zarar an ce lantarki daga rana, yawancinmu farantin sola na kan rufi muke tunawa. To amma shi da haske yake aiki, hasali ma idan ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. A wannan ɗan rubutu zan yi wa 'yan'uwa ɗalibai bayanin wata hanya dabam, wadda zafin kansa ake mayarwa lantarki.

Asalin Abin

A 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya haɗa ƙarfe iri biyu ya yi zobe da su, ya gasa mahaɗa ɗaya ya bar ɗayar da sanyinta. Sai ya ga allurar kamfas tana juyawa. Daga baya aka gane lantarki ne ke gudana a zoben.

Yadda Ake Yi

A yau ana ƙera ɗan allo mai faɗin akwatin ashana daga sinadaran bismut da teluriyam. Sai a samu madubi mai siffar tasa ya tattara rana a fuska ɗaya ta allon, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. Ɗaya fuskar kuwa a sanyaya ta da ruwa ko iska. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, tazarar da ke tsakanin zafin da sanyin ita ke haifar da wutar. Idan fuskokin biyu suka yi zafi ɗaya, ko ƙwai guda ba zai kama ba.

Amfani da Naƙasu

Allon ba shi da abin da ke juyawa, balle ya gaji ko ya yi ƙara. Jiragen Voyager da Amurka ta harba sararin samaniya a 1977 da wannan dabara suke samun wuta, sai dai zafinsu daga sinadarin fulutoniyam yake. Naƙasunsa shi ne ƙarancin abin da yake bayarwa. A 1954 Maria Telkes ta samu kashi 3.35 cikin ɗari na ƙarfin ranar da ta tattara, a 2016 masana a jami'ar MIT suka kai 7.4, alhali farantin sola na kasuwa yana ba da kusan 20.

Kammalawa

A ganina, mu da Allah ya hore wa rana, wahalarmu tana wajen sanyaya allon, musamman da bazara a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri. Amma ruwan da aka sanyaya shi da shi yakan fito da zafi, ya yi amfani a asibiti ko makarantar kwana. Nan ne ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su zurfafa bincike.