Ganye Mai Dabbare-Dabbare: Daga Ɓaure Zuwa Rogo

Babban Mutum gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta ƙasar Daura, dab da iyakar Nijar. Duk yaron da ya tashi a wannan yanki ya san bishiyar ɓaure, ya kuma san danginta, wato cediya da durumi da gamji. Ya san cewa mai son inuwa a ƙofar gida ba ya neman ƙwayar cediya. Reshe yake sarowa ya kafa da damina, ya kama. Haka manomi ke yi da rogo: kara yake yankawa gunduwa-gunduwa ya dasa. Wannan hanya mai sauƙi tana da wani sirri da ya kamata ɗalibin kimiyya ya fahimta, domin ta cikinta cuta ke yaɗuwa, ta cikinta kuma maganin cutar ke isa gonaki.

Akwai wani ɓaure da ake nomawa a ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Amurka, wanda Larabawa ke kira tin. Shi ma da reshe ake dasa shi. A shekarar 1933 wasu masana biyu a Kalifoniya, Condit da Horne, suka bayyana wata cuta da ke sa ganyensa ya yi dabbare-dabbare, nan kore shar, can ruwan ɗorawa, wani lokaci ya murɗe, 'ya'yan su zube tun ba su nuna ba. A 1955 aka tabbatar cewa wani mitsitsin ƙwaro, dangin kaska, wanda ido ba ya iya gani, shi ke ɗaukar cutar daga bishiya zuwa bishiya. Ita kuwa ainihin ƙwayar cutar, wato bairas ɗin, sai a 2009 aka tantance ta. Shekara saba'in da shida ke nan ana ganin ɓarna ba a kama ɓarawon ba.

Abin lura shi ne, reshen da aka saro daga bishiya mai cuta, da cutarsa yake tashi, domin bairas na cikin ruwan jikin tsiron. Feshi na iya kashe ƙwaron, amma ba ya warkar da bishiyar da ta riga ta kamu. Ire-iren tin kuma sun bambanta: wani ya jigata ƙwarai, wani alamar ba ta cika nunawa a jikinsa ba. Wannan bambanci shi ne jarin masu binciken iri.

Manomin Babban Mutum ba ya noman tin, amma ya san irin wannan alama a gonar rogonsa. Rogo amfani ne da ke zaune a gona bayan an kawar da gero da wake, shi ya sa ake kewaye shi da shinge saboda dabbobi. Idan ganyensa ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya ƙanƙance, ya takure, mutane kan ce rashin taki ne ko ƙarancin ruwa. Sau da yawa ba haka ba ne. Cutar dabbare-dabbaren rogo ce, wadda aka fara ba da labarinta a 1894 a ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya. Bairas ɗinta dabam yake da na ɓaure, mai ɗaukar ta kuma wani ɗan farin ƙuda ne da ke maƙalewa a bayan ganye yana tsotsar ruwansa.

Yadda take rage amfani ba shi da wuyar ganewa. Koren ganye shi ne madafar tsiro. A nan yake haɗa hasken rana da ruwa da iska ya samar da sukari, ya tura shi ƙasa ya zama sitaci a cikin saiwa. Duk gurbin da ya koma ruwan ɗorawa, murhu ɗaya ke nan ya mutu. Tsiron da ya tashi daga kara mai cuta ya fi shan wahala a kan wanda ƙuda ya harba bayan ya girma, domin shi tun ganyensa na fari da naƙasa ya fito. Sai manomi ya tsare gona wata da watanni, ranar tono ya tarar da saiwoyi sirara kamar yatsu.

A shekarun 1930, a tashar bincike ta Amani da ke Tanzaniya, wani masani mai suna Storey da abokin aikinsa Nichols suka tara ire-iren rogo daga ƙasashe da dama, ba su sami wanda ya gagari cutar yadda ake so ba. Sai suka waiwayi wani ɗan'uwan rogo na daji, Manihot glaziovii, bishiyar da aka kawo daga Barazil domin ƙaronta na roba. Ba ta yin saiwar ci, amma tana da ƙarfin tsayayya da cutar. Suka ɗebi garin furen wannan suka sa wa furen wancan, aka sami iri ruwa-biyu.

Matsalar ita ce ɗan ya gaji ƙarfin jiki, ya kuma gaji rashin saiwa. Saboda haka aka sake haɗa shi da rogon gida, aka zaɓi 'ya'yan da cuta ba ta kayar ba, aka sake haɗa su da rogon gida, har sau uku. A kowane zagaye jinin daji na raguwa da kimanin rabi, amma mai zaɓe na riƙe da halin nan ɗaya da yake nema. Aiki ne na haƙuri, domin kowane zagaye na cin shekaru.

Tsabar wannan iri ta iso Ibadan, inda aka zaɓo wani mai lamba 58308. Saiwarsa ba ta da yawa, amma ya zama uba ga ire-iren da Cibiyar IITA, wadda aka kafa a 1967, ta fitar a ƙarƙashin Dokta S. K. Hahn. Mafi shahara a cikinsu shi ne TMS 30572, wanda ya bazu a gonakin Nijeriya daga ƙarshen shekarun 1970. A yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya. Da wani sabon nau'in bairas ya ɓarke a Yuganda a ƙarshen shekarun 1980, har manoma da yawa suka bar noman rogo, ire-iren da suka fito daga Ibadan na cikin abin da aka farfaɗo da noman da shi.

Daga baya an gano cewa wasu ire-iren gargajiya na manoman Afirka ta Yamma, kamar wanda aka sa wa lamba TME 3, suna ɗauke da wata kariya mai ƙarfi da ta rataya a kan ƙwayar gado ɗaya tak. Ashe wani maganin na gonar talaka tun tuni. Sai dai masana na yin hattara da shi, domin ƙofar da ke da kuba ɗaya ta fi saurin buɗuwa. Kariyar da aka samo daga rogon daji kuwa ƙwayoyin gado da dama ne suka haɗu suka yi ta.

A nan ne dashen kara ke nuna amfaninsa. Masarar ruwa-biyu, idan manomi ya ajiye irinta ya sake shukawa, 'ya'yan sai su rarrabu, ƙarfin ya ragu. Rogo ba haka yake ba. Kowace gunduwar kara kwafin uwarta ce daidai-wa-daida. Iri mai kyau, da zarar ya shigo gari, maƙwabci na iya ba maƙwabci har ya game ƙasa, halinsa bai sauya ba. Amma kyautar kara daga gona mai cuta kyautar asara ce, ko da zuciya ɗaya aka bayar.

Wajibi ne kuma a bambanta tsiron da ke hana bairas hayayyafa a jikinsa da wanda ke ɗauke da shi yana jurewa. Na biyun yana iya ba da amfani, amma ƙuda na ɗiba daga gare shi ya kai wa gonar kusa.

Malamin kimiyyar noma na iya kai ɗalibansa gonar rogo wata biyu ko uku bayan dashe, da izinin mai ita. Masu bincike na auna tsananin cutar da maki 1 zuwa 5: maki 1 ganye lafiyayye, maki 5 tsiro ya tsumbure, ganyensa duk ya murɗe. Kowane ɗalibi ya duba tsiro 30. Idan alamar ta kama tun daga ganyen ƙasa, cutar da kara ta zo. Idan a ganyen sama kaɗai take, aikin ƙuda ne. Tsiron da ya sami maki 1 a ɗaura masa ƙyalle, a sake duba shi kafin tono, domin daga jikinsa za a yanki karan baɗi.